Takalmin Gudu Na Jabu: Laushi A Kasuwa, Tsami A Gwiwa

Daga wakilinmu a Ankara

Duk wanda ya saba fitowa bayan sallar asuba ran Asabar ko Lahadi a nan Ankara, ya san yadda hanyoyi suke cika da masu motsa jiki. Daga Nima da Mamobi zuwa babban titin Kanda, samari ne da 'yan mata rukuni-rukuni suna sassarfa suna waƙa, ga kuma dattawa da iyayenmu mata suna biye a hankali, da yawansu likita ne ya ce su riƙa takawa saboda hawan jini ko ciwon sukari. Masu ƙarfin hali kuwa sai su shiga mota zuwa Ayi Mensah, su hau dutsen nan da ƙafa har Peduase.

To, in mai karatu ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafafun jama'ar nan, zai ga abin mamaki. Kusan kowa yana sanye da kambas, wanda mu a nan muka fi kira kambu, kuma a jikin kowanne ga sunan babban kamfani ɓaro-ɓaro: Nike, Adidas, Asics, New Balance da sauransu. Alhali kuwa irin waɗannan takalma, in sababbi ne na ainihi, wani ma sai ya cinye abin da lebura yake samu a wata. Ashe ke nan wasu gwanjo ne, wasu kuwa jabu. Mu kanmu mun sani, masu sayarwa sun sani, ba wanda yake ɓoye wa wani. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, ita ƙafar da ke ciki, ta san bambanci ko ba ta sani ba?

Abin da ya sa na bi diddigin maganar, wani ɗan ƙanwata ne da yake shirin neman aikin ɗamara, aka ce masa lalle ya saba da gudu kafin ranar tantancewa. Na raka shi kasuwa. Muka tsaya gun wani mai takalma, ya ɗauko mana wani fari fat mai ƙatuwar dunduniya, ya danna tafinsa da babban yatsa, ya ce da ni, "Maigida, taɓa ka ji da hannunka. Wannan ai katifa ce." Na taɓa, na kuwa ji laushi. Yaron ya sa, ya yi tsalle biyu, ya ce, "Kawu, wallahi kamar ba a ƙasa nake ba." Muka yi ciniki, kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake sayar da irinsa a manyan kantuna ba. Muka dawo gida muna ganin mun yi wayo.

Ba a yi wata guda ba sai ga shi yana ɗingishi. Ƙwaurinsa na dama ya riƙe, gwiwa tana tsami, ga bororo a ɗan ƙaramin yatsa. Na ɗauki takalmin na ajiye a kan tebur, sai na ga ƙafar dama ta karkata ciki kamar tsohuwar bukka. Muka kai wa wani mai gyaran takalmi a unguwarmu, tsoho ne da ya daɗe a sana'ar. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Alhaji, in ka yarda in yanka in nuna maka." Da ya tsaga dunduniyar da wuƙarsa, sai ga ramuka jere kamar saƙar zuma, an rufe su da wani ɗan kwali da siririn soso. Ita kuwa 'yar tagar nan da ake hangen iska a ciki, ashe roba ce daskararriya, ba iskar komai.

Sai dai kada in zalunci takalmin. Yaron nan daga zaman gida ya tashi ya kama gudun kilomita 10 kullum a kan kwalta, ba hutu, kuma wannan kaɗai ya isa ya kwantar da mutum ko da takalmin zinariya ya sa. Amma abin da na gani a hannun tsohon nan ya sa na nemi sanin me masu bincike suka gano.

ABIN DA ƘAFA TAKE ƊAUKA

Da farko ya kamata mu san irin nauyin da ake magana a kai. Sa'ad da mutum yake gudu, duk lokacin da ƙafarsa ta sauka, ƙasa tana mayar masa da bugu wanda ya kai ninki 2 zuwa 3 na nauyin jikinsa. Watau mai kilo 70 yana karɓar kamar kilo 140 zuwa 210 a ƙafa ɗaya, misalin buhun siminti uku ko huɗu. Mai sassarfa kuwa yakan yi taku wajen 160 a minti ɗaya. In ya yi rabin awa, taku 4,800 ke nan, kowace ƙafa ta sha 2,400. Galibin wannan aiki jiki ne da kansa yake yi, da tsokar sha-raɓa da agara da lanƙwasar gwiwa. Ai shi ya sa Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun famfalaki na wasannin Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Amma shi ya horu shekara da shekaru, kuma shi ɗin ma da ya sake cin gasar a Tokiyo a 1964, da takalminsa ya yi. Ga ire-irenmu masu tumbi da ƙafar da ta saba da silifa, takalmi yana da rawar da yake takawa: ya jinkirta bugun kada ya iso gaba ɗaya, ya kuma raba shi a faɗin tafin ƙafa kada ya taru wuri guda.

Wannan aiki ba fuskar takalmin ce take yin sa ba, ba kuma baƙar robar da take taɓa ƙasa ba. Soson da ke tsakaninsu ne, kuma nan ne kuɗin takalmin gudu yake kwance. Tun daga shekarun 1970 akasarin kamfanoni suke amfani da wani soso da ake kira EVA. A ƙarshen waɗannan shekaru Nike ta fito da jakar iska a cikin tafi. A 2013 Adidas ta kawo soson da ta sa wa suna Boost, wanda kamfanin BASF na Jamus yake haɗa sinadarinsa. A 2017 kuma Nike ta fitar da Vaporfly a kan dala 250, mai wani soso marar nauyi da falle na kabon a tsakiya. Irin wannan zubi, na gaba da shi, Eliud Kipchoge na Kenya ya sa ran 12 ga watan Oktoba na 2019 a Biyana, sa'ad da ya gama kilomita 42 da ɗoriya cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Abin ya tayar da ƙura, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a watan Janairu na 2020 cewa kaurin tafin takalmin gasar titi kada ya wuce milimita 40.

Bambancin sosunan nan ba talla ba ne kawai, an auna. Masu bincike a Jami'ar Kolorado ta Amurka sun matsa takalma uku da na'ura don su ga nawa kowanne yake mayarwa daga ƙarfin da aka danna masa. Mai soson EVA ya mayar da wajen kashi 65 cikin 100, mai Boost kashi 76, sabon na Nike kuwa kashi 87. An buga wannan a 2018, kuma gaskiya ta sa a faɗa, Nike ce ta ɗauki nauyin binciken. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, sosuna biyu suna iya zama farare iri ɗaya, kaurinsu ɗaya, babban yatsa ya danna su ya ji laushi ɗaya, amma aikinsu a ƙarƙashin buhun siminti uku sau dubu biyu ya sha bamban. Mai yin jabu ya san ido ne yake saye, ba gwiwa ba. Saboda haka sai ya kashe kuɗinsa a kan launi da ɗinki da tambari da kwali, ya tsuke hannu a wurin da ba a gani.

DA AKA GWADA SU GEFE DA GEFE

An taɓa ɗora na jabu da na ainihi a kan ma'auni ɗaya. A 2012 wasu masana na Jami'ar Sao Paulo a ƙasar Barazil suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 12. Kowannensu ya yi gudun kilomita 9 a awa, watau sassarfar da muke yi ran Lahadi, wata rana da takalmin ainihi, wata rana da kwaikwayonsa, ana auna bugun ƙasa da matsin da ke tafin ƙafa da aikin tsoka. Suka tarar da na jabu bugun yana isowa da sauri kuma da ƙarfi fiye da na ainihi. Suka tarar matsi a tafin ƙafa ya ƙaru, faɗin wurin da ƙafar take zama a cikin takalmin kuwa ya ragu, ma'ana nauyi ya taru a ɗan wuri. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na ƙarshe: aikin tsokoki bai sauya ba. Kaya ya ƙaru, amma jiki bai ƙara shiri don tarbarsa ba.

Mutum 12 ba su da yawa, kuma jabu iri-iri ne, akwai na banza akwai mai ɗan dama-dama. Amma abin da na'ura ta nuna a Barazil shi ne abin da wuƙar tsohon nan ta nuna mini a unguwarmu.

Akwai kuma wani tsohon gwaji da ya kamata duk mai sayen suna ya ji. A 1997 wani likita mai suna Steven Robbins da abokin aikinsa a birnin Mantiriyal na Kanada suka sa mutane suna dirowa a kan wani soso. Soson iri ɗaya ne, sai dai an lulluɓe shi da yadi daban-daban. A kan wani a ce musu wannan sabon fasaha ne mai tsada, yana shanye bugu ƙwarai. A kan wani a gargaɗe su cewa na arha ne, a yi hattara. Da aka duba ma'auni, sai aka ga inda aka yabi soson nan ne mutane suka fi dira da ƙarfi, inda aka gargaɗe su kuwa suka sauka a hankali. Shi Robbins tallar manyan kamfanoni yake suka da wannan gwaji, amma mai karatu ya auna abin a kan mai jabu: tambarin da ke gefen takalmin yana gaya wa zuciyarsa cewa an tsare shi, ya saki jiki ya buga ƙafa, alhali ramuka ne a ƙarƙashin diddigensa.

Nan ne maganar daɗi take da ruɗi. Ba a raina jin daɗin takalmi ba. Benno Nigg na Jami'ar Kalgari, wanda ya shafe shekaru da dama yana nazarin takalman wasanni, ya bayar da shawara a 2015 cewa mai gudu ya zaɓi wanda ƙafarsa ta fi sakewa a ciki, domin jiki ya san abin da ya dace da shi. Laushi ma yana da amfaninsa: a wani gwaji a Lukzambur da aka buga a 2020, an raba wa masu gudu 848 takalma masu kama ɗaya, wasu da soso mai tauri wasu mai laushi, aka bi su wata 6, sai masu taurin suka fi jin rauni, musamman marasa nauyin jiki. Amma duk waɗannan ana magana ne a kan takalmin da zai riƙe halinsa. Daɗin minti biyu a gaban mai tebur daban, daɗin mako na shida daban. Soso marar kyau da aka cika wa iska yana iya fin na ainihi laushi ran farko, don ba shi da ƙarfin turjewa. Da ya sha duka kwana kaɗan sai ya kwanta, ba ya sake tashi. Kuma ba ya kwantawa daidai: gefen da mutum ya fi takawa shi yake fara mutuwa, daga nan takalmin ya riƙa karkatar da idon sawu duk taku, gwiwa da ƙugu su biya bashin.

Ko na ainihi ma ba ya dawwama. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sauya takalmin gudu bayan kilomita 500 zuwa 800. Na ɗan ƙanwata bai ga 200 ba.

DAGA INA SUKE FITOWA?

Sunan da ya fi fita a wannan harka shi ne Putian, wani birni a lardin Fujian na ƙasar Sin. Tun shekarun 1980 manyan kamfanonin waje suke ba da kwangilar ɗinka takalmansu a can, mutanen garin suka koyi aikin ciki da waje, daga baya wasunsu suka buɗe nasu wuraren suna yin kwaikwayo. Shi ya sa wani jabun, in ba ka ajiye shi kusa da na ainihi ba, ko mai kanti sai ya ruɗe. Harkar kuwa ba ƙarama ba ce. Wani rahoto da ƙungiyar OECD da ofishin kare haƙƙin mallaka na Tarayyar Turai suka fitar a 2019 ya ƙiyasta cinikin kayan jabu tsakanin ƙasashe a 2016 a kan dala biliyan 509, watau kashi 3.3 cikin 100 na cinikin duniya, kuma takalmi ne a kan gaba cikin kayan da jami'an kwastan suka kama.

Su ma masu yin jabu suna da daraja hawa-hawa, kuma mafi kyawun nasu ba arha gare shi ba. Wanda yake isowa teburin bakin titi a farashin da muka saya, na ƙasan ne. Babbar illarsa kuwa ita ce ba wanda ya tsaya masa. Kamfanin da ya sa sunansa na gaskiya a kan kaya yana gwada su, don yana tsoron a dawo masa da su ko sunansa ya ɓaci. Mai aron sunan wani ba ya da wannan tsoro. Ƙafar dama tana iya fin ta hagu tauri, lamba 43 ta yau ba lalle ta yi daidai da 43 ta gobe ba.

TO, MAI ƘARAMIN ƘARFI FA?

Na san abin da mai karatu zai ce: Malam, ka yi ta lissafin dala, mu da muke neman na koko da ƙosai ina muka ga kuɗin orijina? Gaskiya ne. Amma a nan ne nake ganin muke yi wa kanmu gurguwar fahimta, don mun ɗauka hanya biyu ce kawai, ko mai tsadar gaske ko jabunsa. A Jami'ar Dandi ta Sikotilan an gwada takalman gudu na kamfanoni uku a ƙafar mutum 43, kowane kamfani an ɗauko na arha da matsakaici da mai tsada, duka na ainihi, aka rufe tambarinsu. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna na arha da matsakaitan sun rage matsi a tafin ƙafa daidai da masu tsada, wani wurin ma sun fi, kuma masu gwajin ba su ji mai tsada ya fi daɗi ba. Ashe ba tsada ce take tsare ƙafa ba. Takalmi marar suna, ko na ƙaramin kamfani, ko tsohon yayi na babban kamfani da aka karya wa farashi, in dai da gaske don gudu aka yi shi, ya fi kwaikwayon wanda Kipchoge ya sa. Kama da wane ba ta wane. Ni a ganina jabun da ya fi haɗari ma shi ne na irin dogayen nan masu kaurin tafi, domin in soson bai da kyau kuma babu abin da ya riƙe shi a ciki, mutum yana tsaye ne a kan tudu mai rawa, gurɗewa ba ta da wuya.

Sa'an nan ga gwanjo, wanda Allah ya hore mana a Kantamanto a nan Ankara da kuma kasuwannin Kumasi. Gobarar da ta cinye babban ɓangare na Kantamanto a farkon watan Janairu na 2025 ta durƙusar da 'yan kasuwa da yawa, amma sun sake kafa rumfunansu. Wanda ya yi sammako ranar da ake fasa dila yana iya samun takalmin ainihi da mai shi bai yi wata biyu da shi ba. Sai dai a buɗe ido, don yanzu har a cikin dila jabu yana shigowa, kuma na ainihin ma wani ya riga ya mutu, wanki ne kawai ya sha. A ajiye shi a wuri mai lebur a duba ta baya, in ya karkata a bar shi. A dubi gefen soson, in ya yi tamoji da yawa kamar fuskar tsoho, ya gama aiki. A matsa bayan dunduniya da yatsu biyu, ya kamata ya turje. A lanƙwasa shi, ya karye a wajen yatsu, ba a tsakiya ba. A zare shimfiɗar ciki a danna wurin diddige da ƙarfi, in yatsa ya ji ramuka ko kwali, an san sauran. Lambar da ke jikin takardar harshen takalmin ta zama ɗaya a dama da hagu, kuma mai waya yana iya buga ta a intanet ya ga ko hoton da zai fito shi ne abin da ke hannunsa. Warin gam mai hawa kai ma shaida ne. Wani takalmin kuma da ya daɗe a ajiye, ko ba a taɓa sa shi ba, danshi yakan cinye sosonsa ya riƙa marmashewa, saboda haka tsufa a kwali ba sabunta ba ne.

A je sayen takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a riƙa sawa, a bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin.

Ban ce duk mai jabu ya zubar da nasa ba. Wanda zai sa shi ya je biki ko kallon ƙwallo, matsalarsa da lamirinsa ce da kuma masu tambarin, ƙafarsa ba za ta ce komai ba. Mutum biyu nake ji wa. Na farko saurayin da zai yi gudu da gaske, mako bayan mako, a kan kwalta. Na biyu kuwa, kuma shi ya fi damuna, dattijo ko dattijuwa mai ciwon sukari. Wannan ciwo yana kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya daina jin zafi, sai wani ɗinki mai kaushi ko dunƙulen gam a cikin takalmi ya yi ta gurzar fata bai sani ba, ƙaramin ƙurji ya zama gyambon da ba ya jin magani. Da yawa cikinmu mun san gidan da aka yanke wa wani yatsa ko ƙafa ta wannan hanya. In ɗa zai saya wa mahaifiyarsa takalmin takawa, ya zura hannu ciki ya shafa ko'ina tukuna, ita kuma a riƙa duba mata tafin ƙafa duk dare.

Shi ɗan ƙanwar tawa ya huta mako uku bisa shawarar ma'aikacin asibiti, sa'an nan ya koma a hankali, kilomita 3 yau, gobe hutu, yawanci a filin ƙasa. Muka samo masa wani gwanjo ruwan toka, mummuna, wanda abokansa suke yi wa dariya suna cewa na tsofaffin Turawa ne. Kafin mu biya sai da muka kai wa tsohon nan ya duba. Ya murɗa shi, ya danna, ya zare shimfiɗar ya leƙa, ya miƙo wa yaron ya ce, "Ɗana, wannan ka sa. Wancan farin kuwa bar mini shi a nan, ina nuna wa masu zuwa."